FASHIN BAƘI: Yadda gubar arsenik ke rage amfanin kifi, da dalilin da ya sa batun ya shafi Zamfara

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau a ƙauyukan Zamfara suka ci karo da abin da ba shi suka fito nema ba. Yara ƙanana suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba, na sanƙarau ma haka. Da aka auna jininsu sai aka tarar dalma ce. Magidanta na kawo duwatsun zinare cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da annobar ta kashe ta haura 400.

Tun kafin yara su fara mutuwa, mazauna yankin sun lura agwagi sun ɓace daga tafkunansu. Ba wanda ya ɗauki hakan a bakin komai sai daga baya.

Dalma ce ta yi kisa, don haka ita ta cika bakin jama'a, kuma da gaskiyarsu. Sai dai a 2013, masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tare da abokan aikinsu, sun wallafa sakamakon awon duwatsu da ƙasa da ƙurar da aka ɗebo daga waɗannan ƙauyuka. Bayan dalma, sun lissafa wasu abubuwan da suka ce su ma barazana ne ga lafiya: zaiba, wato makurin da ake kama zinare da shi, da manganis, da antimoni, da ƙurar tsakuwa mai lalata huhu, da kuma arsenik.

Wannan na ƙarshen shi ne aka fi jahilta a cikinsu. Ba shi da launi a ruwa, ba wari, ba ɗanɗano. Kuma hanyarsa ta zuwa cikin tukunya ba ta tsaya ga ƙurar tsakar gida ba. Yana bin ruwa, ya kwanta cikin laka, ya shiga jikin kifi, inda yake yin ɓarna iri biyu: ya rage abin da kifin ke ɗauke da shi na gina jiki, ya kuma bar wani abu nasa a cikin naman.

Abokin tafiyar zinare

Arsenik sinadari ne da Allah Ya halitta cikin duwatsu, ba wani kamfani ya ƙera shi ba. A wurare da yawa na duniya, jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinare takan zo tare da wani ma'adani da ake kira arsenofairait, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta da arsenik. Muddin dutsen na binne a ƙarƙashin ƙasa, iska ba ta taɓa shi, arsenik ɗin na kulle. Da zarar an haƙo shi an farfasa, an kai injin niƙa ya zama gari, an wanke an ɗebe zinaren, sai a zubar da sauran a fili. Iska da ruwan sama su yi aikinsu, abin da ya shekara miliyoyi a kulle ya fara narkewa. Ruwan farko na damina shi ke kwashe wannan tarkace zuwa ƙorama, ƙorama ta kai gulbi.

Taswirar Zamfara ta isa ta nuna inda zancen ya dosa. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, inda madatsar da birnin ke shan ruwa take, ya bi ta Bungudu, ya zuba cikin madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, kafin ya wuce Sakkwato da Argungu ya faɗa Kogin Kwara. Gulbin Zamfara ya bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi. Gulbin Ka ya ratsa kudancin jihar. Manyan wuraren haƙar zinare na Anka da Bukkuyum da Maru, mai iyaka da Bungudu, duk ruwansu cikin waɗannan gulabe yake gangarawa. Mai sayen kifi a kasuwar Gusau, ko Tsafe, ko 'Yandoto, ba ya tambayar daga wane ruwa aka kamo shi, sau tari mai tallan ma ba ta sani ba, domin kifin banda kan yi tafiya ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso faranti.

Wannan ba ya nufin kifin da ake ci a Gusau gurɓatacce ne. Hukunci irin wannan na ɗakin gwaji ne, ba na jita-jita ba. Abin da yake nufi shi ne duk sharuɗɗan da suka haifar da matsalar a wasu ƙasashe sun haɗu a nan.

Obuasi ta ƙasar Gana misali ne na kusa. An shafe fiye da shekara ɗari ana haƙar zinare a garin, kuma dutsen wurin cike yake da arsenofairait, wanda aka daɗe ana gasawa don a fitar da zinaren. Binciken da masana na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya suka yi a shekarun 1990 ya gano ƙoramu a yankin da arsenik ɗinsu ya ninka ma'aunin ruwan sha fiye da sau goma. A Kanada kuwa, mahaƙar Giant da ke Yellowknife, wadda ta yi aiki daga 1948 zuwa 2004, ta bar tan 237,000 na ƙurar arsenik a ƙarƙashin ƙasa, kuma da kuɗin masu biyan haraji ake kula da ita har yau, bayan masu mahaƙar sun daɗe da tafiya.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta gindaya wa ruwan sha shi ne maikurogiram 10 a kowace lita, kuma shi ne Najeriya ta ɗauka cikin ƙa'idar ruwan sha da hukumar SON ta fitar a 2007. Domin a gane ƙanƙantar adadin: giram ɗaya ne, kimanin kwatan dunƙulen magi, a cikin lita 100,000, wato cikin tankar mai uku. Abin da ya haura wannan, idan aka daɗe ana sha, yana haddasa ɗigo-ɗigon baƙi a fata da kaurin tafin hannu da na ƙafa, sannan ciwon daji na fata da huhu da mafitsara. Cibiyar binciken ciwon daji ta WHO ta sanya shi a rukunin farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Alamomin kan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin su bayyana, shi ya sa ba ya tayar da hankalin hukuma kamar yadda dalma ta yi. Bangaladash ta koyi wannan darasi da tsada: rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa tun shekarun 1970 don ceton jama'a daga kwalara da gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da yawansu na fitar da arsenik, bayan miliyoyin mutane sun shekara da shekaru suna sha.

Abin da yake yi a jikin kifi

Kifi na ɗaukar arsenik ta hanya biyu: ta jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, wanda yake numfashi da shi, da kuma ta abin da yake ci. Hanya ta biyu ce ta fi shafar kifayen da ke kiwo a ƙasan ruwa, irin su tarwaɗa da ƙurungu, domin laka ce ma'ajiyar arsenik. Yakan manne wa tsatsar ƙarfen da ke cikin lakar ya kwanta lamo. Idan ruwa ya daina gudu, ganyaye da kashin dabbobi suka ruɓe suka cinye iskar da ke ƙasa, sai tsatsar ta narke ta sake shi, kuma a siffarsa mafi guba. Wannan shi ne yanayin tafki da kududdufi da guntayen ruwan da gulbi ke bari a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya janye, kifi ya taru wuri guda, kamu ya fi sauƙi.

Da ya shiga jiki, ɓarnarsa ta farko a kan ƙarfin kifin take. Arsenik na zuwa da siffa biyu. Ɗaya, arsenet, ta yi kama da fosfet, sinadarin da kowace ƙwayar halitta ke amfani da shi wajen tara kuzarin da ta samu daga abinci. Jiki ya ɗauke ta a matsayin fosfet, kamar ɗan kasuwar da ya karɓi jabun kuɗi, ya zo kashewa ya tarar ba komai a hannunsa. Ta biyun, arsenait, ta fi muni. Takan kama wuraren da ke da farar wuta a jikin sinadaran da ke sarrafa abinci, ta tsayar da su, ciki har da wanda ke buɗe ƙofar ƙona sukari ya zama kuzari. Kifin na ci, amma abin da ya ci ba ya yi masa cikakken amfani.

A daidai lokacin kuma buƙatarsa ta kuzari ta ƙaru, domin hanta na fama da fitar da gubar, ana gyaran naman da ya lalace, fata na fitar da yauƙi fiye da kima. Kuɗin shiga ya ragu, na fita ya ƙaru, dole a taɓa ajiya. Kifin kan fara da sukarin da ya tara a hanta da tsoka. In ya ƙare ya koma kan kitse. In wahalar ta daɗe, sai ya shiga rushe furotin ɗin tsokarsa yana ƙonawa. Wannan tsoka kuwa ita ce naman da ake saye.

An ga hakan a gwaje-gwaje da dama, musamman a Indiya, inda matsalar arsenik ta addabi yankin Bengal. A 2012 masana a Jami'ar Banaras sun wallafa binciken da suka yi a kan wani nau'in tarwaɗar Asiya, 'yar uwar tarwaɗar da ake kiwo a Najeriya, inda suka nuna yadda arsenait ke taɓa furotin da kitse da ajiyar sukari a sassan jikinta. Wasu gwaje-gwajen a Amurka sun nuna cewa 'ya'yan kifin da aka ciyar da abinci mai arsenik ba sa girma kamar takwarorinsu, sukan rage ci, kuma abin da suka ci ba ya zama tsoka yadda ya kamata.

Ɓarna ta biyu a kan kitsen take, kuma ita ce asarar da ido ba ya gani. Darajar kifi ba a furotin kaɗai take ba. Mansa na ɗauke da nau'in kitsen da ake kira omega-3, wanda ƙwaƙwalwa da idon jariri ke buƙata tun yana ciki. Irin wannan kitse shi ya fi kowanne saurin lalacewa, shi ya sa man kifi kan yi saurin ɓaci idan aka bar shi a rana. Arsenik na haddasa irin wannan ɓacin tun kifin na da rai: yana cinye sinadaran da jiki ke kare kansa da su, ya bar kitse mai laushi a fili yana lalacewa. Haka kuma yakan rage jinin kifin, ya raunana garkuwarsa, cututtukan fata su same shi cikin sauƙi.

Akwai gyaran zance da ya wajaba a nan. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a cikin tankunan gilashi, da adadin arsenik da ya zarce na mafi yawan gulabe, cikin kwanaki ko makonni. Sun nuna hanyar da ɓarnar ke bi, amma ba za a ɗauki alƙalumansu a liƙa wa kifin Bakolori ba. A ruwan da gurɓatarsa ba ta yi tsanani ba, asarar da ta fi yiwuwa ita ce kifi ya riƙa jinkirin girma, ƙwai ya rage ƙyanƙyasa, ƙananan halittun da kifin ke ci su ragu. Masunci ya ga komarsa na fitowa da 'yan ƙanana, ya ɗora laifin kan ƙarancin ruwa ko yawan masu kamu, kuma wataƙila yana da gaskiya. Ga gidan talaka dai sakamakon ɗaya ne: furotin ya ragu a tukunya, farashi ya hau.

Ba kowane arsenik ne guba ba

A nan ne rahotanni da yawa ke yin tuntuɓe. Idan aka auna jimillar arsenik, kifin teku, irin na ƙanƙarar da ake kawowa daga Legas, yakan fi kifin gulbi yawansa nesa ba kusa ba. Amma kusan dukkansa ɗaurarre ne cikin wani sinadari da ake kira arsenobitain, wanda masana biyu a Ostireliya, Edmonds da Francesconi, suka gano a 1977. Jikin mutum ba ya kwance wannan ɗauri. Yadda ya shiga haka yake fita cikin fitsari bayan 'yan kwanaki. Shi ya sa likita kan hana mutum cin kifin teku na kwana biyu zuwa uku kafin a auna arsenik a fitsarinsa, don kada sakamakon ya yaudare shi.

Mai cutarwa shi ne ɗanyen arsenik, wato arsenet da arsenait ɗin da aka ambata. Kifin ruwan daɗi bai cika tara arsenik da yawa ba, amma kason da ke ɗaurarre a jikinsa ba shi da tabbas kamar na teku. Ya danganta da nau'in kifin da ruwan da ya rayu a ciki. A kudu maso yammacin Taiwan, yankin da arsenik ɗin rijiyoyi ya taɓa haddasa cutar ruɓewar ƙafa, an gano karfasar da ake kiwo da ruwan rijiya na tara arsenik gwargwadon yawansa a ruwan. Wannan darasi ne ga matasan da ke shiga sana'ar kiwon tarwaɗa da ruwan burtsatse: ruwa garau ba shaidar tsabta ba ne.

Saboda haka duk sakamakon da ya ce "an samu arsenik kaza a kifi" bai gama magana ba sai ya faɗi nawa ne ɗanye a ciki. Na'urar da ta fi yawa a ɗakunan gwaji jimilla take aunawa. Rarrabewa na buƙatar wata na'urar mai tsada da ƙwarewa ta musamman. Ƙasashen duniya ma kansu bai haɗu ba a kan iyaka. Sin ta tsayar da miligiram 0.1 na ɗanyen arsenik a kowane kilo na kifi, Ostireliya da Niyu Zilan suka tsayar da miligiram 2, bambancin ninki ashirin. A 2010 kwamitin ƙwararru na WHO da hukumar abinci ta FAO ya janye adadin da a da yake cewa jiki na iya jurewa a mako, bayan ya gano cewa ko a wannan adadin ana iya samun illa. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa shinkafa iyakar miligiram 0.2 a 2014. Shinkafa ta fi sauran hatsi zuƙar arsenik saboda a cikin ruwa take tsayawa, abin lura ga duk wanda ya san da ruwan Bakolori ake noman rani a Talatar Mafara da Bakura da Maradun.

Wani sauƙi da ke tattare da arsenik shi ne ba ya hauhawa daga ƙaramin kifi zuwa babba kamar zaiba. Ita zaiba, idan ta shiga laka ƙwayoyin halitta suka sauya mata siffa, takan taru a tsoka, kuma kowane kifin da ya ci wani ya gaji abin da ke jikinsa, har ta kai giwan ruwa ya fi kowa ɗauka. Ita ta nakasa mutanen Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2018. Arsenik kuwa ya fi taruwa a hanta da ƙoda da hanji da gaɓar numfashi, tsoka ce ke da kaso mafi ƙanƙanta. A wurin da ake wankin zinare, abubuwan biyu tare da dalma kan shiga ruwa ɗaya, don haka awon da ya nemi ɗaya ya bar biyu rabin aiki ne.

A madafa

Daga wannan bayani ana iya fitar da 'yan abubuwan da ke hannun mai girki. Cire kayan ciki da gaɓar numfashi kafin dahuwa ko banda na rage kaso mai yawa. Matsalar ita ce ƙananan kifin da ake busarwa a daka su ɗungurungum a zuba a miyar kuka ko kuɓewa; su ne mafi araha, kuma cin su da ƙashi da kai shi ke ba da kalsiyam da ƙarfen jini da zink. Amfaninsu da haɗarinsu wuri guda suke.

Wuta ba ta kashe arsenik, domin ba ƙwayar cuta ba ne. Tafasa ruwan da ke da shi ƙara masa kauri yake yi, tunda ruwan ke tashi ya bar shi a tukunya. Banda da shanya ma haka: kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne, idan ya bushe abin da ke jikinsa bai ƙaru ba, amma ya dunƙule, kowane cokali na garinsa ya ɗauki ninki uku ko huɗu. Sannan kifi mai tsabta da aka dafa da gurɓataccen ruwa, ko aka shanya kusa da injin niƙan dutse, ya gurɓata bayan an kamo shi. A ko'ina cikin duniya ruwan sha da na girki, sai shinkafa, su ne manyan hanyoyin da ɗanyen arsenik ke shiga jikin mutum. Kifi na bayansu.

Abin da bai kamata a fitar daga wannan bayani ba shi ne a daina cin kifi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Tun daga lokacin, 'yan bindiga sun kore garken shanu, sun raba dubban manoma da gonakinsu, nama ya zama na ranar Sallah a gidaje da yawa. Kifi, ko da gutsure ne a miya, shi ne furotin ɗin dabba da ya saura wa mutane da dama. Ƙari a kan haka, hanta na buƙatar furotin da sinadarin folet da bitamin B12 kafin ta iya sauya arsenik zuwa siffar da ƙoda za ta fitar. Gwajin da aka yi a Bangaladash ya nuna cewa ba wa masu ƙarancin folet ƙwayarsa ya taimaka musu wajen fitar da arsenik daga jini. Kifi na ba da furotin da B12, wake da ganyaye na ba da folet. Yaron da ke fama da tamowa shi gubar ta fi yi wa illa, kuma hana shi kifi ƙara kwance masa garkuwa ne. Gargaɗin da aka yi ba tare da awo ba zai iya cutar da shi fiye da gubar, ya kuma karya sana'ar masunta da mata masu banda a banza.

Alhakin wa?

Tarihin 2010 ya nuna yadda hukuma ke motsawa a irin wannan lamari. An share ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, aka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira har sai da Human Rights Watch ta yi ta kururuwa, matasan Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal suka cika shafukan sada zumunta da kiran a ceci garin, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2022 MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha.

A ɓangaren haƙar kuwa, Gwamnatin Tarayya ta haramta ta a Zamfara a watan Afrilun 2019, kuma dalilin da ta bayar tsaro ne, ba lafiya ba. Haramcin bai tsayar da haƙa ba, illa ya tura ta daji, inda jami'in muhalli ba zai iya taka ƙafa ba. A Disamban 2024 Ministan Ma'adanai Dele Alake ya sanar da ɗage shi, yana mai cewa tsaro ya inganta. An yi ta magana kan kuɗin shiga da masu zuba jari. Zancen inda ruwan wanki zai riƙa zuba bai samu irin wannan kulawa ba.

Tsarin mulki kansa ya rarraba alhakin ta yadda kowa zai iya nuna wani. Ma'adanai na Tarayya ne bisa sashe na 44(3) na Kundin 1999 da Dokar Ma'adanai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai lasisi nazarin tasirin aikinsa ga muhalli da gyara wurin bayan ya gama. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ke sa ido kan gurɓata muhalli. Bakolori na ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. NAFDAC ke kula da ingancin abinci, amma ƙarfinta ya fi tafiya kan abin da aka ƙunsa aka liƙa wa lamba, ba kifin da ke kan tire a bakin tasha ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa na New Bussa a Jihar Neja. Ruwan famfon Gusau kuma na gwamnatin jiha ne. Gulbi ɗaya, iyayen gida shida.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ba, musamman mai Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya. A ɗebi ruwa da laka da kifi daga wurare tsayayyu, sama da wurin wankin zinare da ƙasa da shi, sau biyu a shekara: a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ƙafe, da bayan ruwan farko na damina. A auna tsoka daban, kayan ciki daban, ƙananan kifin da ake ci ɗungurungum daban. A nemi arsenik ɗanye da ɗaurarre, tare da dalma da zaiba. A auna furotin da kitsen kifin a kwatanta da na ruwan da ba ya kusa da mahaƙa. Sannan a fitar da sakamakon da Hausa, da sunan kowane tafki da mashaya, ya isa ga Sarkin Ruwa da masu banda, maimakon ya kwanta cikin kundin digiri a ɗakin karatu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun da ke hannunta ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ta shafi kowane mataki na gwamnati. Ke nan ana iya tambayar hukumar ruwa ta Zamfara sakamakon awon arsenik da dalma na ƙarshe da ta yi wa madatsar Gusau da ranar da aka yi shi, a kuma tambayi Ma'aikatar Ma'adanai ta Tarayya rahoton nazarin muhalli na kowane lasisin da ke aiki a Maru da Anka da Bukkuyum tun bayan ɗage haramcin.